Allah Ya Saka Wa Masu Tsare Mana Gadon Fatake

Butulci mugun hali ne, kuma mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe suna yi wa shugabanninsu shi. Ana yi musu kirari a kan filin jirgin sama da ɗakin taro da dogayen benaye, amma da wuya ka ji mai gode musu a kan aikin da suka fi iyawa, wato tsare mana tafiyar ƙasa yadda kakannin kakanninmu suka san ta. Wasu ƙasashen sun yi sake, gada da kwalta da yarjejeniya sun cinye musu al'ada, har ta kai mutum ya karya kumallo a Faransa, ya ci na rana a Jamus, ba wanda ya tsayar da shi ya tambayi sunan ubansa. Mu kam an kiyashe mu da wannan asara. Har gobe wanda ya ɗaura niyyar barin Kano zuwa Kumasi fatauci, ko zuwa Kaulaha ziyara, zai gai da mai shinge, zai biya kuɗin fito, zai shimfiɗa tabarma a fili ya kwana. Aiki ne babba, kuma ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla.

A tuna yadda abin yake a da. Fataken goro sukan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja. Madugu ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya. Su ƙetare Kwara a kwale-kwale ta wajen Yawuri ko Illo, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har su sauka Salaga. Inda rana ta faɗi nan za a yada zango, a sauke kaya, a ɗaure dabbobi, a hura wuta. Kowane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an ba shi nasa, kowane kogi sai an sallami masu fito, tafiyar kuma takan ci watanni. Sai dai tsarin nasu yana da naƙasu: madugu kan zauna da sarki a yi ciniki, a yanke abin da ayari zai biya, a biya, a kan sharaɗin ayari ya wuce lafiya. Shugabannin zamani suka duba suka ga wannan ƙauyanci ne, suka gyara. Suka riƙe biyan, suka ninka shi, suka yar da sharaɗin.

Ba da garaje aka yi gyaran ba, sai da aka fara da takarda. Ranar 28 ga Mayu, 1975 aka kafa ECOWAS a Legas. A 1979, a Dakar, aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga 'yar'uwarta ba biza, ya yi kwana 90. A 1982 aka ƙara da katin inshorar mota guda wanda zai yi aiki a duk ƙasashen. Takardu ne masu kyau, kuma saboda tsabar girmama su ba a yarda ƙurar hanya ta taɓa su ba. Suna can Abuja a adane cikin sanyi. A bakin iyaka wata doka ce ke aiki, wadda ba ta buƙatar tafinta: hatimin fita da kuɗinsa, na shiga da kuɗinsa, mai fasfo ya biya don yana da fasfo, marar shi ya biya ninki don ba shi da shi. Ga kuma teburin katin rigakafin shawara, inda jami'i zai tabbatar da cewa ba ka ɗauke da cuta ba tare da ya ɗago kai ya dube ka ba, muddin hannunka ya isa inda ya kamata. Ina likitan da ya kai wannan ƙwarewa? Rasit kuwa ba a bayarwa, domin neman shaida tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne.

Kafin ma a kai iyakar an sha gaisuwa. Katako mai ƙusoshi, ko duro biyu da igiya a tsakani, sun isa ofis. Ga ɗan sanda, ga soja, ga kwastan, ga na shige da fice, in ka shiga ƙasashen Faransanci ga jandarma da duwan, kowa da inuwar bishiyarsa. Direba ya sauko da takardu a hannu, da abin da ya fi takardu daraja a tsakiyarsu.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki."

"Yawwa malam direba. Ka ga yadda rana take, ina na ruwa?"

Wace nahiya ce jami'inta zai tsaya cikin rana don kawai ya ji lafiyar matafiyi? Daga Legas zuwa Abijan kimanin kilomita 1,000 ne, ƙasashe biyar, iyakoki huɗu: Seme, Hilakonji, Aflawo da Elubo. Da an bar mutane suna wucewa fiu, yaushe za su san juna? A kowace iyaka kuma 'yan canji na jira, naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi, sidi ya sake komawa sefa, kuɗi na ramewa a kowane hannu, matafiyi ya isa masauƙi sakayau, ba nauyin aljihu. An yi barazanar kawo kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco da zai kashe wannan sana'a, amma masu hangen nesa suna ta ɗaga ranarsa, daga 2020 aka kai shi 2027.

Wanda ke shakkar ƙwazon magabatanmu ya dubi 2018 da 2019. A watan Oktoba na 2018 shugabannin Najeriya da Benin suka buɗe sabon ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme, wanda Tarayyar Turai ta biya kuɗin gininsa, don matafiyi ya gama komai a wuri guda. Ranar 7 ga Yuli, 2019, a Yamai, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka, aka tafa, aka ɗauki hoto. Ba a cika wata biyu ba, a cikin Agusta, ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, aka soma da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Aka kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don mutanen Jibiya da Kamba su motsa ƙafa. Ka ga hikima: a sa hannu a faranta wa baƙi, a rufe ƙofa a tsare al'ada.

Rufewar ta tuna wa jama'a cewa layin da Ingila da Faransa suka ja a takarda tsakanin 1890 da 1906 ba wasa ba ne. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa, uwa na Ƙonni ɗiya na aure a Illela, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, maƙabarta ɗaya. To, ai sai a koya musu cewa su baƙin juna ne. Mai zuwa jana'izar kawunsa ya hau babur ya ratsa daji, ya biya mai babur, ya biya wanda ya tare babur. Shingen kuma yana da basirar tantancewa da ta wuce hankali: yana gane buhun albasa da buhun gero tun daga nesa, amma ɗan bindiga da kayan aikinsa ba su taɓa kwana a layi ba.

Gwanintar da ta fi kowace ita ce ta Gaya da Malanbil. Akwai gada a wurin, a kan kogin Kwara, wadda ta haɗa Nijar da Benin, kuma a da ta nan mafi yawan kayan da Nijar ke saukewa a tashar ruwan Kwatano ke shigowa. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Masu mulkin Yamai ba su yarda a fi su ba, suka gicciya kwantenoni a kan gadar. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a garƙame da dalilin tsaro. Yabo ya tabbata ga ɓangarorin biyu, domin tare suka haifar da abin da babu gidan tarihin da ya taɓa iyawa. Motar safa ta sauke fasinja a Malanbil, a ɗauki kaya a ka zuwa gaɓa, a shiga kwale-kwale, a ƙetare zuwa Gaya, a nemi wata motar. Tsohuwa mai neman magani, ɗalibi da akwatinsa, mai jego da goyonta, duk a kan ruwa, ba rigar ceto, ga gada nan lafiya lau a saman kansu. An dawo wa masu fito da sana'ar kakanninsu, har da ƙarin farashi.

Manyan motoci kuwa ba sa shiga kwale-kwale, don haka su aka ba kyautar zango. Layin tireloli ya miƙe a bakin iyakar, makonni suka zama watanni. Wanda bai ga kwanan direba a bakin iyaka ba bai san ni'ima ba. Tabarma a ƙarƙashin tirela, gidan sauro ɗaure a jikin ƙarfe ga wanda ke da shi, kurfoti da butar shayi a gefen taya, yaron mota yana fifita gawayi. Babu famfo, babu makewayi, don kada a gurɓata yanayin da kayan zamani. Guzuri ya ƙare a sayar da man tanki, man ya ƙare a sayar da waya. Kafin a sayar da ita kuma ta yi aikinta: mai kaya ya kira yana zagi, uwargida ta kira tana tambayar kuɗin cefane, an yi haihuwa, an yi suna, uba na kwance a gindin mota yana rawar zazzaɓin cizon sauro. Kayan gwari na ruɓewa a bayan mota, warin na tashe kowa da asuba ba sai ladan ya wahala ba. Da aka ga sun ƙoshi da hutawa sai aka buɗe musu wata hanyar: daga Lome, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, ta yankin da masu ɗauke da makamai ke ƙona motoci. Ayari, rakiya, fargabar 'yan fashi: me ya rage na zamanin madugu da ba a dawo da shi ba?

Masu ƙorafi su dubi Turawa su ji kunya. Tun 2005 ake wani gangamin motoci da ke tashi daga Budapest ya gangaro Afirka ta Yamma, ban da ɗaiɗaiku da ke zuwa don kansu. Mutum ya tara kuɗin shekara, ya sayi mota mai tanti a rufi da firji da tankin ruwa, ya hau jirgin ruwa daga Sifen zuwa Maroko, ya ratsa Sahara, don dai ya ɗanɗana kwanan daji da jirgin fito na Rosso, tsakanin Muritaniya da Senegal, inda 'yan kamasho ke yanyame baƙo tun bai kashe mota ba. Ya ɗauki hoto, ya koma gida ya ba da labari har tsufansa. Abin da Bature ke saye da tsada, an ba direban Gaya kyauta, har da gyara. Bambancin kaɗan ne: shi Bature ya san ranar komawarsa, yana da ofishin jakadanci da zai ɗaga masa waya. Namu an yaye masa wannan damuwa, ba ya jiran kowa sai Allah.

Ghana ma ba a bar ta a baya ba wajen girmama hanyar goro. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika, aka tashi mutum kusan 80,000 daga garuruwansu, ruwa ya raba tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale wadda ta bi ta Yeji da Salaga. Babbar hanya ta koma ta Kintampo, aka bar Salaga da tarihinta. Fiye da rabin ƙarni ke nan, jirgin fito ne ke haɗa Yeji da Makango. In ka same shi ka haye. In ya tashi ya bar ka, ko injinsa ya yi gardama, ga gaɓa nan, shimfiɗa tabarmarka. Mai gaggawa ya shiga jirgin katako mai inji, wanda ake lodawa doya da awaki da mutane har bakinsa ya kusa shan ruwa, ya bi ta cikin kututturan itatuwan da aka bari a tsaye a ƙarƙashin tafkin tun ranar da ruwa ya rufe su. Ba a sare su ba, don matuƙi ya riƙa tuna Ubangijinsa.

Gambiya ce dai ta daɗe tana riƙe da kambu. Ƙasa ce siririya da ta bi kogi ta shige cikin Senegal, ta raba Dakar da yankin Kasamans. Shekara da shekaru, mai zuwa kudu sai ya fita ƙasarsa, ya shiga Gambiya, ya jira jirgin fito a Farafenni, ya haye, ya sake fita, ya sake shiga ƙasarsa. Motocin kaya sukan kwashe kwanaki a layi. A 2016 gwamnatin Yahya Jammeh ta ɗaga kuɗin wucewar babbar mota daga sefa 4,000 zuwa 400,000, ninki ɗari a tashi ɗaya, direbobin Senegal suka ƙaurace wa iyakar kusan wata uku, kowa ya zagaya ta Tambakunda. A bakin teku kuma, tsakanin Banjul da Barra, in babban jirgi ya makara akwai kwale-kwale, akwai samari majiya ƙarfi da za su saɓa dattijo a kafaɗa, su ratsa ruwa da shi su dire shi ciki. Sarki ma iyakar gatan da yake samu ke nan.

Akwai wurin da yabon ke maƙalewa a wuya. Wahalar wannan hanya, haɗe da tashin hankalin da ake yi a Kasamans, ita ta sa jama'a suka dogara da jirgin ruwan gwamnati mai suna Joola, mai zirga-zirga tsakanin Zigincor da Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600. Daren 26 ga Satumba, 2002 ya kife a gaɓar Gambiya, mutum fiye da 1,800 suka rasu, adadin da ya wuce na Titanic. 64 kaɗai suka tsira. Da yawa daga cikin mamatan ɗalibai ne masu komawa makaranta da mata 'yan kasuwa. A Fabrairun 2023 kuma aka kashe wasu 'yan Najeriya mabiya ɗariƙar Tijjaniyya a Burkina Faso, suna kan hanyarsu ta ziyarar Kaulaha. Waɗannan ba su nemi komai ba sai su isa. Allah ya jiƙansu. Wanda ya mayar da hanya abin tsoro yana da kaso a kowace gawa da aka tsamo.

Abin takaici, an fara samun masu karya gadon. Ranar 21 ga Janairu, 2019 Adama Barrow na Gambiya da Macky Sall na Senegal suka buɗe gadar Senegambiya a Farafenni, bayan an shafe shekaru gommai ana maganarta. Ƙetaren da ke cin kwanaki ya koma na mintoci. Direba ya wuce bai san sunan mai shayin gaɓa ba, kifi ya isa kasuwa bai yi wari ba, marar lafiya ya riski asibiti da ransa. A Nuwamban 2021 kuma aka aza harsashin wata gadar a Rosso. Wannan mugun misali ne, domin yana tona asiri: yana nuna cewa kogi bai taɓa zama matsalar ba, cewa shugabanni biyu in sun so, abin da ya gagari shekara arba'in yana yiwuwa. In talaka ya gane haka, zai fara tambayar dalilin da ya sa gadar da aka riga aka gina take a rufe.

Sai dai a kwantar da hankali, masu kishin gado ba su yi barci ba. A Janairun 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS, suka fito da fasfon ƙawancensu na Sahel. Kowane ɓangare ya yi alkawarin cewa zirga-zirgar jama'a ba za ta taɓu ba, kuma mun san nauyin alkawari a gaban mai igiya da duro. Kada kuma wanda bai taɓa barin unguwarsu ba ya ɗauka an manta da shi a rabon. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba. Yana ɗorawa a kan mai kaya, mai kaya ya ɗora a kan ɗan sari, ɗan sari ya ɗora a kan mai tebur, har abin ya iso kan matar da ke auna shinkafa da gwangwani a Damagaram ko Sakkwato. Kowane shinge yana cikin tukunyarta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan yanki an gyara karin maganar, wanda ya ja ruwan yana sama da gajimare a cikin jirgi.

Nan ne kaɗai na ga an yi rashin adalci, kuma shugabannin aka yi wa. Sun gina wannan ni'ima da guminsu, sun bar wa talaka shi kaɗai yana sha, su suna fama da jirgin sama da jan kafet. Ranku ya daɗe, wannan sadaukarwa ta isa haka. Taron ƙoli na gaba, na ECOWAS ne ko na ƙawancen Sahel, kowane shugaba ya taho ta ƙasa, a motar haya, ba jiniya, da fasfo irin na kowa, da matarsa da ƙaramin jikansa. Ya sauko a kowane shinge ya ce "ranka ya daɗe". Ya canza kuɗinsa a bakin iyaka ya ƙirga abin da ya rage. Ya shiga kwale-kwale a ƙarƙashin gadar da ya rufe, ya riƙe jikan a cinya. In dare ya yi masa a gaɓa, a ba shi tabarma da gindin tirela. Wanda ya iso da rai a ba shi alƙalami ya sa hannu a sabuwar yarjejeniyar zirga-zirga. Ina da yaƙinin cewa wannan karon, kafin tawada ta bushe, za a kwance igiyar.